Shekarar da Burodi Ya Ɗaure Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana son ruwa sai ya dubi bango ya ce, "A kawo ruwa." In na yi laifi sai ya ce da Inna, "Ki ja ma wagga yarinya kunne," ko da kuwa ina tsaye a gabansa. Na yi aure, na haihu, na fara furfura, ina koyarwa a wata firamare a Gusau, amma a wurin Baba ban wuce wagga yarinya ba. Sai an san wannan kafin a gane irin tsaka mai wuyar da na shiga a shekarar da cikinsa ya ɗaure.

Baba manomi ne a Kekun Waje, can ƙasar Bungudu. Bayan rasuwar Inna gwiwa ta fara damunsa, ga zuwa gona mai nisa ya zama sai an yi shahada saboda halin da ake ciki. Ƙannena suka ce ya dawo birni, ya ce ko gawarsa. Sai da maigidana ya je da kansa ya durƙusa a gabansa. Maigidana direban motar haya ne, yana jigila a hanyar Tsafe, mutum ne mai surutu a ko'ina ban da gaban surukinsa. Shi ma Baba ba ya iya musu da suruki. Haka suka zauna suna kallon ƙasa, kowa na jin nauyin kowa, har kunya ta ɗauko Baba ta sa shi a mota. Ya iso gidanmu a Tudun Wada da buhun gero, da rediyo, da butarsa, muka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure.

Tsorona shi ne kada ya yi kewar abincin gida. Na sa aka niƙo dawa yadda Inna ke yi, ba a surfe ta can-can ba, na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawa har maƙwabta na leƙowa. Aka kai masa. Ya buɗe kwanon, ya dube shi kamar wanda ya gamu da tsohon abokin gaba a kasuwa, ya rufe.

"Shekara nawa ina cin wanga abu?" ya tambayi ƙofa. "Na ci rabona, na ci na maƙwabta."

Ashe ya riga ya gano mai shayin bakin layi.

Ban taɓa ganin soyayya irin ta Baba da burodi ba. Yakan saye shi da ɗumi, ya rungumo shi a ƙirji, ya zauna ya matsa shi da yatsa ya saki, yana kallon yadda yake dawowa. Ya ce duk wanda ya ƙirƙiro abin nan ya san darajar tsofaffi, domin ba ya neman haƙori. Daga burodi ya wuce zuwa taliyar leda da yara ke so, daga nan farar shinkafa da mai da yaji, da yamma a ƙara da tsire da lemon kwalba mai sanyi. In na aika masa da kwaɗon zogale sai kwanon ya dawo yadda ya tafi, da saƙon cewa shi ba akuya ba ne. Ruwa kuwa ya ce na birni ba shi da ɗanɗano, shayi ya ishe shi. Mutumin da a da yake yini a tsaye yana huɗa, yanzu duk tafiyarsa ba ta wuce daga tabarma zuwa masallaci, daga masallaci zuwa bencin mai shayi.

Da farko ya yi kyau. Kumatu suka fito, wuya ya yi taiɓa, duk wanda ya zo daga ƙauye sai ya ce lallai birni ya karɓe shi. Ni ma har ina jin daɗi.

Makewayi ɗaya ne a gidan, shi ya fara tona asiri. Da safe sai a ga butar Baba ta ɓace, ƙyauren makewayi a rufe, shiru. Yara su yi layi da soso a hannu, ni ina duban rana ina tuna ƙararrawar makaranta, maigidana na zagaye tsakar gida fasinja na jiransa a tasha. Jefi-jefi a ji wani nishi daga ciki, irin na jakin da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Can a buɗe, Baba ya fito fuska a murtuke, ya wuce ba ya duban kowa. Gobe ma haka.

Sai faɗa ya biyo baya. Ya yi faɗa da rediyo, ya yi faɗa da kaji, ya ce ladan na jan kiran salla da gangan. Ya sassauta tazugen wandonsa. Yana zaune sai ya karkata gefe guda kamar kwale-kwalen da kaya suka yi wa yawa a ɓangare ɗaya. Ranar da na ga rabin burodi ya dawo a leda na san lamarin ya kai inda ya kai.

Na ce da maigidana, "Kai za ka tambaye shi."

Ya zaro ido. "Ni? In je in ce masa me? Baba ina kwana, ya bayan gida?"

"To ni zan ce masa?"

"Ke 'yarsa ce."

"Ni 'yar fari ce. Ko sunana ba ya faɗa, sai wannan magana?"

Muka yi ta tura wa juna kamar garwashin wuta. Muna cikin wannan shawara da ba ta da ranar ƙarewa, Baba ya nemo wa kansa mafita. Wata rana ya bi maigidana tasha wai zai ga gari. A tashar akwai wani mai magani da lasifika a kan mota, irin waɗanda ke faɗin duk kalmar da mutum ba zai iya faɗa a gaban uwarsa ba, kuma da ƙarfi. Baba ya tsaya daga nesa yana saurare, ya ji mutumin na zayyana halin da yake ciki tiryan-tiryan kamar tare suke shiga makewayin. Ya faki idon surukinsa ya sayi kwalba guda ta wani baƙin ruwa da aka ce wankin ciki ne, ya jefa a aljihu. Ba wanda ya sani.

Bayan 'yan kwanaki aka yi haihuwa a Tsafe, a gidan taubashiyarsa, aka gayyace mu suna. Ranar sunan, da sassafe muka shirya. Baba ya sa babbar rigarsa ta salla, ya kafa hula, kuma, kamar yadda muka gane daga baya, ya ɗaga kwalbar nan ya sha abin da ya ga ya dace da girman matsalarsa. A lissafinsa, abin da ya yi kwana da kwanaki a ɗaure ba zai kwance kafin yamma ba.

Ya zauna a gaba kusa da direba, ni da wasu mata biyu 'yan unguwa muna baya da kwanukan biki. Mun bar Gusau lafiya. Muna dosar Kwatarkwashi na lura ƙeyar Baba ta jiƙe da gumi, ya kama murfin mota da hannu biyu.

"Malam," ya ce, haka yake kiran surukinsa. "A ɗan tsaya."

Maigidana ya ce cikin ladabi, "Baba, nan ba wurin tsayawa ba ne. Bari mu shiga gari."

"Malam."

"Na'am, Baba."

"A tsaya."

Yadda muryar ta fito, ko mai kashe gobara ne sai ya taka birki. Motar ba ta gama tsayawa ba Baba ya dira, buta a hannu ɗaya, babbar riga a tattare a ɗayan. Mutumin da gwiwa ta hana noma ya tsallake kwalbati ya shige bayan wasu duwatsu da gudun da ban taɓa ganin ya yi ba ko a ƙuruciyata.

Mu kuma a mota duk muka juya muna kallon dutsen Kwatarkwashi kamar yau aka kafa shi. Sai maigidana ya yi gyaran murya ya ce, "Dutsen nan kullum ƙara girma yake yi." Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ikon Allah." Ɗayar ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Baba ya dawo, ya zauna, ya ce a tafi. Ba mu yi nisa ba ya sake cewa, "Malam." Wannan karon ba a jira kashi na biyu ba. Ban ƙirga tsayawar da muka yi ba, amma na san duk wani dutse da kalgo da ke gefen hanyar nan ya san mahaifina. Ruwan butarsa ya ƙare, muka ba da na gorar shanmu. Kafin mu isa Tsafe an raɗa suna, an yanka rago, har an fara feɗe shi.

Taubashiyar Baba, wadda muke kira Gwaggo, tsohuwa ce 'yar firit mai baki kamar reza. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka tun suna yara take kiransa bawanta, kuma a duk duniya ita kaɗai ke da lasisin faɗa masa abin da ta ga dama. Tana ganinsa ya shigo yana jan ƙafa, idanu sun faɗa, ta ajiye ƙwaryar hannunta.

"Bawana, mi ya same ka? Ka yi kama da kazar da anka tsamo daga rijiya."

"Lahiya lau," in ji Baba.

Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta dubi maigidana, ya ce zai je ya duba taya. Ta matsa kusa da Baba, ta ga wuyan kwalba ya leƙo daga aljihu, ta zare ta, ta buɗe, ta shinshina, ta yi baya.

"La ilaha! Wanga ai shi ya kusa kai maƙwabcina lahira. Kashi ne ya ƙi hita?"

A gaban matan biki ta faɗi haka, tsakar gida cike. Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya ce ta rage murya, ta ce ba ta ragewa, murya tata ce. Ta ja shi ɗaki, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ta tsare shi sai da ya shanye, ta dama masa kunu. Ina daga bakin ƙofa ina jin tana yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma, abin mamaki, yana amsawa. Da ta fito ta tsiyaye sauran kwalbar a magudana, ta nuna ni da yatsa.

"Ke da mijinki kun zuba ido tsoho zai hwashe a gidanku. Asibiti za a kai shi. Ni zan zo in raka ku, tunda kunya ta ɗaure maku baki kamar yadda burodi ya ɗaure mishi ciki."

Ta yi gaskiya da ta dage, domin bayan wankin nan cikin ya sake rufewa, har ya fi na da. Baba da ya ɗauka ya rabu da bala'i sai ga shi ya koma gidan jiya, ga jiki ya yi laushi.

Ranar asibiti Gwaggo ta iso tun da hantsi da mayafinta na unguwa. Aka kira mu, muka shiga, sai ga likitar mace ce, yarinya sa'ar ƙanwata ta uku. Baba ya tsaya turus a bakin ƙofa. Gwaggo ta tura shi daga baya.

Likitar ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, me ke damunka?"

Baba ya dubi fanka. Ya juya wajen Gwaggo ya yi magana ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta juya wajen likita ta ce da ƙarfi, "Ya ce in ya shiga makewayi sai ya yi kamar mai haihuwar 'yan biyu, abin da ka hita bai wuce na akuya ba."

"Ban ce 'yan biyu ba," in ji Baba, yana duban fanka.

Haka aka yi ganin likitar nan, da tafinta, alhali duk Hausa muke ji. Ni ina maƙale a jikin ƙofa ina karanta wata takardar rigakafi da aka manna a bango kamar za a yi mini jarrabawa a kanta. Likitar ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya, Allah ya saka mata. Ta tambaya ko yana ganin jini, ko yana amai, ko ya rame ba dalili, ko akwai magungunan da yake sha. Ta ce a shekarunsa ba a wasa da canjin bayan gida, sai an duba. Ta tattaɓa cikin, ta tura mu gwaje-gwaje. Sai a lokacin tsoro ya kama ni sosai. Na tuna yadda ciwon Inna ya fara da abin da muka raina, na zauna a benci ina addu'a, dariyar hanyar Tsafe duk ta fita daga kaina.

Da sakamako ya fito muka koma, ta ce alhamdu lillahi ba wani mugun abu, maƙarƙashiya ce.

"Ai na sani," in ji Baba. "Wa ya ƙulla mini ita?"

"Mai shayi," in ji Gwaggo.

Likitar ta tambayi abin da yake ci a ƙauye da abin da yake ci yanzu. Gwaggo ta jera mata, har da ƙari. Likitar ta ce hanji na buƙatar abinci mai harza, wato irin wanda ciki ba ya narkar da shi duka, kamar dusar hatsi, da ganye, da wake, da 'ya'yan itace. Shi ne ke riƙe ruwa, ya tausasa abin, ya tura shi gaba. Burodi da farar shinkafa da taliya duk an cire musu wannan. Ta ce ya sha ruwa sosai, ya riƙa tafiya gwargwadon yadda gwiwa ta yarda, ya rabu da kwalaben tasha. Ta rubuta wani magani na ɗan lokaci. Sannan ta ce da ni in nemi wani iri a shagunan da ke sayar da zuma da habbatus sauda, suna kiransa bazarul kattan. A niƙa shi, don in an haɗiye shi ɗungurungum haka zai fita. A fara da ƙaramin cokali a kunu ko fura, a bi da ruwa mai yawa, a ƙara sannu a hankali.

"Sannu a hankali," ta sake faɗa tana dubana.

Na ce to.

Na samo shi a kasuwa. 'Yan ƙanana ne, masu faɗi, ruwan ƙasa, suna sheƙi, in ka damƙa sai su zame ta tsakanin yatsu. Na zuba kaɗan a faranti na aika wa Baba don ya ga abin da za a ba shi, tunda manomi ne. Ya baza su a tafin hannu, ya kai kusa da ido, ya daɗe yana dubawa, ya mayar.

"A hwaɗa ma likita," ya ce da labule, "ba ni cin kuɗin cizo."

Na sake duban abin. Wallahi da gaskiyarsa, kamar an kakkaɓe tsohuwar katifa. Sai da na yi kwana biyu ni ma ina ƙyanƙyaminsa.

Na niƙa shi ya zama gari, na daina tambaya, na fara zubawa a kunun safe. Amma ni mai gaggawa ce, kuma na gaji da layin makewayi. Na ce in ƙaramin cokali zai yi aiki a mako, ai babba zai yi a kwana. Na zuba da hannu sake har kunun ya yi yauƙi kamar an kaɗa kuɓewa a ciki. Da rana na dafa wake. Da yamma na yi dambu na cika shi da zogale. Baba, da yake wahala ta sa ya sauko, ya ci duka.

Washegari cikinsa ya zama ganga. Yana tafiya ana jin ƙugi kamar hadari na haɗuwa a gabas. Ya yi alwalar azahar, ya nufi masallaci, bai kai bakin zaure ba ya dawo ya ɗauki buta. Ya sake fita, ya kai tsakiyar layi, ya dawo. A la'asar an ce har ya shiga sahu ya fito. Kaji ma suka daina kiwo kusa da tabarmarsa. Da magariba ina kwashe tuwo, ya zo ya tsaya a bakin madafa, abin da bai taɓa yi ba, ya juya mini baya ya fuskanci katanga.

"A hwaɗa ma masu dahuwar gidan ga," ya ce, "tsoho na son ya yi salla guda da alwala guda."

Na ce da tukunya, "Za a faɗa musu."

Na kira Gwaggo a waya na ba ta labari. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta ce, "Ke malamar makaranta ce ko? Ana sa yaro aji shida ranar da anka kai shi?" Na koma kan ƙaramin cokali.

Daga nan aka shiga zaman sulhu, Gwaggo ce mai shiga tsakani ta waya. Baba ya ce ko za a kashe shi ba ya barin burodi. Aka daidaita a kan rabi, da safe kawai, tare da ƙosai ko alala. Ya yarda da tuwon dawa da dare muddin ba za a kira shi abincin asibiti ba. Zogale ya ce sai an cika masa ƙuli-ƙuli. Gwanda kuwa ya karɓa ba gardama, ya ce ita ma ba ta neman haƙori. Kuɗin cizo ya amince da shi bisa sharaɗin kada ya gan shi da idonsa.

Saura ruwa. Na rasa yadda zan yi, sai na tuna randar Inna. Na sayo sabuwar randa, na wanke ta, na kafa ta a kan yashi a bakin ɗakinsa, na ɗora moɗa a kan faifai. Da ya sha ya ji ƙanshin ƙasa sai ya ƙara moɗa guda.

Tafiya kuma maigidana ne ya yi dabara. Ya ce, yana duban takalminsa, "Baba, ni fa ban iya zaɓen hatsi ba, kullum cutata ake yi a kasuwa." Ƙarya yake yi, amma ta yi amfani. Baba ya ɗauki sanda ya fara zuwa kasuwa a ƙafa, yana hutawa a hanya. Ba ya sayen komai sau da yawa. Zagayawa yake yi rumfa-rumfa yana ɗiban geron mutane yana kushewa, ya ce wannan bai nuna ba aka yanke, wancan ya sha ruwan sama a ƙasa. 'Yan kasuwar suka saba da shi har suna ajiye masa benci.

Ba a rana ɗaya abin ya warware ba. Kaɗan-kaɗan layin safe ya fara gajarta, faɗa da kaji ya ragu. Sai wata safiya na ga ya shiga da buta, ban gama wanke ido ba ya fito. Ya tsaya a tsakar gida, ya miƙe, ya dubi sama, ya ce da bishiyar dalbejiya, "Alhamdu lillahi. Hanya ta buɗe." Ya gaida maƙwabta ta kan katanga ɗaya bayan ɗaya, har da wanda suka yi sati ba sa magana saboda rediyo. Ni kuwa na shige ɗaki na toshe baki, ban san ko dariya nake yi ko kuka ba.

Na ɗauka an gama. Ashe sabon babi aka buɗe. Mutumin da bai iya furta kalmar a gaban likita ba ya zama mai wa'azinta. Ya sa na cika masa wani ƙaramin gwangwani da garin, yana yawo da shi a aljihu kamar masu shan taba gari. A bencin mai shayi, inda tsofaffin unguwa ke taruwa, ya kafa makaranta. In wani ya zauna a karkace sai Baba ya dube shi da idon gwani ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka?" Ya bai wa ladan, suka shirya. Mai shayin da kansa ya fara ƙorafi cewa tsohon nan na kashe masa kasuwa a kan bencinsa, Baba ya ce ya kawo mai ƙosai kusa, kowa ya samu.

Ranar da shugaban makarantarmu ya zo gida yi mini sannu da wani ɗan rashin lafiya da na yi, ya tsaya gaida Baba a zaure. Ina daga ciki na ji Baba na cewa, "Kai da ka yini bisa kujera, ƙaƙa cikinka?" Na ji shugaban ya yi tari. Na ji Baba ya buɗe gwangwani. Sai da na yi kwanaki ina kauce wa ofishinsa, har shi da kansa ya tare ni a baranda ya tambaye ni, yana duban filin ƙwallo, a wane shago ake samu.

A gida ma na lura garin na ƙarewa da wuri fiye da cin mutum ɗaya. Ban yi bincike ba. Wata rana ina neman abin goge hannu a motar maigidana na ci karo da ƙulli a leda da ƙaramin cokalina da ya ɓata. Ya ce na wani direba ne abokinsa. Na ce Allah ya ba abokin lafiya, a gaya masa ya riƙa shan ruwa.

Da sanyi ya shigo, Baba ya aiko a ba shi wanda ba a niƙa ba, tafi guda. Ya ce iri ne, kuma duk abin da ake kira iri ƙasa ta san shi. Ya aro fartanya a maƙwabta, ya kafce wani ɗan fili a bayan ɗakinsa, ya zuba takin kaji, ya yafa. Safe da yamma yana ba shi ruwa da butarsa. Ban sa rai ba, amma ya tsiro, siriri-siriri kamar tsintsiya. Daga baya ya fitar da wasu 'yan furanni shuɗaye da ke buɗewa da safe su zube kafin azahar. Baba ya dawo da tabarmarsa wurin. Duk wanda ya zo sai an kai shi ya gani.

Wata rana yana kasuwa wajen kushe geron mutane, aka bar ƙofar gida a buɗe, akuyar maƙwabta ta shigo ta share gonar tas, ko kara ba ta bari ba. Da ya dawo ya tsaya a kan wurin ya daɗe. Na shirya jin faɗa. Sai ya fita ya sami akuyar a gindin katanga tana tuƙa, ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi tulin 'yan ƙwallayen da ta zubar a gefenta.

"Ke da ba ki da matsala," ya ce mata. "Ga masu lalura cike da gari."

Ya sake shukawa ya kewaye da ƙaya, amma zafi ya riga ya shigo, tsiron ya ƙone tun yana ƙarami. Ya ce laifin ƙasar Gusau ne, duk siminti ya cinye ta. Ya ƙulla sauran irin a tsumma ya bai wa ƙanena da ya rage a Kekun Waje, ya ce ya gwada a fadama in sanyi ya dawo. Ƙanen nawa ya ce ya shuka bai fito ba. Baba ya ce ƙarya ne, bai ba shi ruwa ba, ko kuma ya dama ya sha. Har yanzu in suka yi waya sai sun taɓa wannan gardama kafin a zo kan gaisuwar iyali.